Fulawar roba a falo: a Ingila na gane dalilinta, a Zariya har yanzu ban gane ba

Ni dai har ga Allah wannan yayin na cika kusurwar falo da fulawar roba bai kwanta min a rai ba, kuma na daɗe ina son in faɗa. Duk hoton jeren da za a turo min ta WhatsApp daga gida, Tudun Wada ne ko Samaru ko cikin birni, abu ɗaya nake gani, doguwar bishiyar roba a kowane lungu na falo cikin tukunya mai ruwan gwal, wata har da 'yan fitilu an nannaɗe mata, ga wasu ƙanana a gefen talabijin, ga ta kan tebur. Ranar kai amarya kam ba ƙarya abin yana kyau, sai dai ku koma gidan bayan hunturu ɗaya ku gani.

A nan Manchester inda nake zaune na fahimci dalilin da ya sa mutane ke sayenta. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi, ita ma ɗin yawanci hadari ya rufe ta, gidajen ga su a matse, ga hita tana aiki ta busar da iskar ɗaki, to shuka mai rai wahala take sha sosai. Shi ya sa shaguna irin su IKEA suke da sashe guda na fulawar roba. Sannan babu ƙura irin tamu, sai ka daɗe ba ka goge ganyen ba yana nan tas. Amma duk da haka abin da na lura, yawanci a ofis da shagon aski da lungun da ba taga ake ajiye ta roba, wanda yake da taga mai haske ko ya ya take sai ka ga ya sayi mai rai yana ta lallaɓa ta. Rashin rana ne ya kai su ga roba. Mu kuma da Allah Ya hore mana rana har muna neman inuwa, me ya kai mu?

Ga kuma ƙura. Duk ɗan Zazzau ya san daga Nuwamba zuwa Fabrairu yadda iskar hunturu ke kwaso ƙurar Sahara ta shigo ɗaki ko an rufe taga, ki share da safe kafin la'asar kamar ba a yi ba. Ganyen roba riƙe ƙura yake yi, kuma bishiya ɗaya sai ta yi ganye fiye da yadda za ki iya ƙirgawa, wa zai zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya da tsumma? Zuwana gida na ƙarshe na shiga falon wata 'yar uwata, mace mai tsafta wallahi, tayils ɗinta har ɗaukar ido yake, amma da na kai hannu kan ganyen fulawar da ke bayan kujera sai yatsana ya fito jawur, can ciki tsakanin rassan ga saƙar gizo-gizo, ɓangaren da ke kallon taga kuma rana ta cinye koren ya koma wani shuɗi-shuɗi. Ba laifinta ba ne, haka roba take in rana ta daɗe tana dukanta, koɗewa take yi daga baya ta fara karyewa. Kuma gidan da akwai yaro mai asma ko yawan mura, in an kunna fanka ai wannan ƙurar ce ke tashi.

Na san abin da za a ce min, Hajiya kina can kina magana, kin manta mu ruwa saya muke wajen 'yan garuwa? Ban manta ba, a Zariya na girma, na san darajar jarka ɗaya. Na san tsoron sauro, na san yara da ɓarna, na san falonmu da labule mai kauri da ba a cika ɗagawa ba. Duk gaskiya ne. Amma akwai shukar da ta dace da wannan halin, kuma tamu ce.

Moda nake nufi, mai dogayen ganye masu kauri a tsaye da zane-zane a jiki, wadda ake cire zarenta a yi igiya da tsirkiyar baka tun zamanin kakanni. Asalinta yankinmu ne na Afirka ta Yamma, amma a nan Ingila kusan kowane shagon shuke-shuke sai kin gan ta an saka a tukunya mai kyau an liƙa mata farashi, Turawa suna saye suna murna don ba ta mutuwa da wuri. Ruwa take ajiyewa a cikin ganyenta, kofi ɗaya ko biyu duk bayan mako 2 zuwa 3 ya ishe ta, yawan ruwa ma shi ke ruɓar da saiwarta. Tana jure ƙarancin haske. Ganyenta 'yan kaɗan ne masu faɗi, goge su bai fi aikin minti biyu ba. In ta yi 'ya'ya a gindi ki raba ki ba maƙwabciya, ko ki yanki ganye ki dasa ya tsiro. Sauro kuwa a ruwan da ya kwanta yake ƙwai, in ba ki bar ruwa a farantin ƙarƙashin tukunya ba ba shi da wurin zama. Abu ɗaya dai a kiyaye, kar ƙaramin yaro ya tauna ganyen, yana sa amai da ciwon ciki. Masu cewa tana tace iskar ɗaki suna dogaro ne da wani binciken NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, na 1989, to a cikin rufaffen akwati aka yi shi, tukunya ɗaya ba za ta tace miki falo ba, ni don kyau da sauƙi nake son ta.

Abin da ya fi damuna ma kuɗin ne. Iyayen amarya suna fama da gado da kujeru da kayan kicin, sai kuma a ƙara musu fulawa huɗu ko biyar don kar a ce falon 'yarsu ba kamar na wance ba, kaya ne kuma da yawancinsu daga China ake shigo da su, dala ta motsa su ma su motsa. Alhali tukunyar ƙasa masu gininta suna nan a ƙauyukanmu, ki sa a huda mata ƙasa ki zuba ƙasa mai yashi da ɗan taki shi kenan, kuɗin ya tsaya a hannun namu.

Kuma mu Zazzagawa ba baƙin ado ba ne balle a ce sai an koya mana. Garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a tun shekarun 1830, garin da ake zana fuskar gida da hannu, iyayenmu mata kuma su jera tasa da langa a bango har sama, a kusurwa randa ce da ruwan sanyi da moɗa a kan murfi. Kowane abu a ɗakin yana da aikin yi.

Ban ce a kwashe a zubar ba, wadda ta riga ta saya ta saya. In dole sai ta roba, to guda ɗaya ta isa, a zaɓi mai manyan ganye ba mai ƙanana birjik ba, a nisanta ta da taga, lokacin hunturu kuma a riƙa fitar da ita tsakar gida ana wanke ta da ruwan omo tana bushewa a inuwa. Ɗaya kusurwar kuma don Allah ku gwada moda ko alobera ko da damina ɗaya ce, tunda masu sayar da shuka na bakin titi ba su da wuyar samu a Zariya.