Motar da ta ƙi mayuwa

Ranar Asabar, 27 ga Mayu 2023, na sayi motar. Ranar Litinin Tinubu ya sha rantsuwa a Abuja, ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin Laraba, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500. Kwana biyu cur na yi ina mai mota da kwanciyar hankali. Duk wanda ya ce baki ba ya kama mutum, ya zo mu zauna.

Kun dai san motar, tunda babu wanda ban tura wa hotonta ba. Honda ce, wadda dillalai ke ce wa EOD, baƙa wuluk, 'yar Kwatano. Abin da ban gaya muku ba, don ni ma ban sani ba a lokacin, shi ne fulogi shida gare ta. Ashe irinta iri biyu ce, akwai mai huɗu akwai mai shida. An rubuta V6 ɓaro-ɓaro a bayanta, ni na ɗauka ado ne. Bakaniken da na ɗauko ya duba min, har na ba shi dubu biyar, buɗe bonet kawai ya yi, ya kara kunne, ya ce injin nan ko agogo albarka. Ya ƙirga tayoyi har da sifiya, bai ƙirga fulogi ba. Tankinta kuwa kusan lita 65 yake ci. Na yi lissafi a bayan ambulan: abin da zai cika ta da dubu goma sha biyu da ɗoriya, a wannan makon sai wajen dubu talatin da biyar. Na kalli albashina, albashina ya kalle ni.

Daren Laraba na yanke shawarar mayarwa. Maman yara ta ce, "Haba Malam, na fa riga na gaya wa su Anti da ita za mu je biki." Na ce ta gaya musu an fasa bikin. Bayan sallar isha'i na tsayar da limaminmu, ya yi min bayanin iƙala, wato mai sayarwa ya yarda a warware ciniki, kowa ya karɓi abinsa. Ya ce akwai hadisi a Abu Dawuda mai nuna duk wanda ya yi wa Musulmi haka, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Na sa ya maimaita min Larabcin sau uku, na rubuta a takarda, na ninke na sa a aljihun gaba.

To ga inda na cuci kaina. Tun Laraba da rana fitilar mai take ta kawo ja. Na ce ni da zan mayar da mota, me zai sa in bi layin gidan mai na awa uku in zuba wa Alhajin da ya sayar min da ita man ɗari biyar da wani abu? Daga Hotoro zuwa wajensa a titin Zariya ai ba nisa. Na kashe AC, na sauke gilashi, a gangara in ɗaga ƙafa ta tafi da kanta.

Ta kai ni. Wallahi ta kai ni, har ina hango allon wajen. Saura taku kamar hamsin ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. A tsakiyar titi, daidai inda zan karya kwana. Sitiyari ya ƙage kamar an ɗaure shi da igiya. 'Yan adaidaita sahu suka taru a bayana suna ta danna hon, wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, a riƙa ba ta abinci mana!" Ina murza makulli tana min ƙi-ƙi-ƙi, gumi na bin bayana har cikin wando.

Sai ga yaran Alhaji sun fito su huɗu, yaran da ranar Asabar suka wanke ta na raba musu dubu ɗai-ɗai ina cewa a sha ruwa. Ba su tambaye ni komai ba, wannan ma ya fi min ciwo. Suka kama turi. Ni kuma ina zaune a ciki, hannu biyu a kan sitiyari, ana tura ni a hankali kamar angon da aka rasa dokin da za a ɗora. Na rasa inda zan sa idona. In kalli gaba, ga mutane a kan benci sun daina hira. In kalli madubi, ga fuskokin yara huɗu suna nishi. Kuma na manta shaf da takardar da na manna a gilashin baya tun ranar Lahadi. Ƙaramin cikinsu, wanda da alama bai daɗe da iya karatun Hausa ba, ya shiga haɗa baƙi da ƙarfi yana turi: "Has-sa-da... ga mai ra-bo... ta-ki ce." Babban ya ce masa ya yi shiru. Bai yi ba. Ya sake karantawa, wannan karon a tafi ɗaya, don ya ji daɗin ya iya.

A kan bencin nan akwai mutuminku. Kun san wanda nake nufi, ɗan ajinmu na firamare, monitan da ya shekara uku yana rubuta sunana cikin masu surutu ko ranar da ban zo makaranta ba. Ba dillali ba ne, ba mai saye ba ne, ba wanda ya san abin da yake yi a wajen nan tun safe har la'asar ban da cin gyaɗa. Ranar Asabar da zan fita da motar na tsaya a gabansa, na danna maɓalli gilashi ya sauka a hankali, na ce ko a rage masa hanya. Ya zagaya ta baya, ya daɗe yana kallon wani abu, ya dawo ya ce, "Allah ya tsare sharrin ƙarfe. Amma fa wannan mota ta manya ce." Na yi murmushi na ce ai sai godiya. Yabo na ɗauka. Ashe V6 ɗin ya gani, ya gane, ya haɗiye abinsa. Mutumin da ko keke bai taɓa mallaka ba. Tun muna aji uku haka yake, ya ga malam na tahowa da bulala ba zai ce maka komai ba, sai dai ya gyara zama.

Alhaji ya taso da fara'arsa, muka gaisa har da tambayar iyali, kamar ba turo ni aka yi ba.

"Malam, lafiya dai? Me ta yi?"

"Ba ta yi komai ba, Alhaji."

"Hayaƙi take yi? Ko giya ce ta ƙi shiga?"

"A'a, lafiyarta ƙalau."

"To me ke nan?"

Na yi ƙasa da murya na ce, "Shan mai."

Ya ɗan yi shiru, ya dubi 'yan benci, ya dawo gare ni. "Da kunu aka ce maka take sha?"

Dariyar da aka yi, har mai shayin tsallaken titi sai da ya ɗago kai. Na ce lokacin hadisi ya yi. Na zaro takardata, ashe gumi ya jiƙa ta, tawadar ta koma taswira. Na kama kalma biyun farko daga ka, na maƙale a ta uku. Na sake farawa, na sake maƙalewa a wuri ɗaya. Alhaji ya ƙarasa min shi tsaf, har da fassara, ya ce hadisi ne mai kyau ƙwarai, amma kwaɗaitarwa ce ba tilas ba, kuma shi a wannan makon kwaɗayinsa ya yi ƙasa. Ya nuna min wasu motoci uku a jere, duk masu fulogi shida, ya ce tun Litinin ko ƙuda bai sauka a kansu ba.

Nan mutuminku ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya ce ai mu Malikawa ne, a wajenmu da an ce na sayar, an ce na saya, magana ta ƙare ko da ba a tashi daga wurin zaman ba, balle wanda ya kwana biyar da kaya. Daga baya na tambayi liman, ya ce haka ne. Wannan ne ya fi ƙona min rai. Mutumin da muka bar shi a izu biyu a makarantar allo, yau shi ke ba da fatawa a kaina, kuma ya dace.

Alhaji ya ce mayarwa dai babu, ga shi nan ma a ƙasan rasit. Amma don mutunci zai iya saye. Na saya miliyan biyu da dubu ɗari takwas, ya taya miliyan biyu da dubu ɗari. Na ce Alhaji, kwana biyar fa. Ya ce ranar Asabar 'yar Kwatano ce, yau kuwa ta hannu ce, hannun ma nawa. Na tambayi la'adar dillali, aka ce ya riga ya ba da kafin alƙalamin ragon layya da ita. Na ce albarka. Ni da na zo roƙo, ni ne na ƙare da cewa albarka.

Saura komawa gida, mota kuma babu ɗigon mai. A aljihuna dubu ɗaya da ɗari biyar ne, tiransifa ta ƙi tafiya. Ina tsaye ina ɗaga waya sama, mutuminku ya tashi ba tare da ya ce uffan ba, ya tsallaka wajen 'yan bumburutu, ya dawo da galan ɗaya da mazurari. Shi ya zuba da hannunsa, ya rufe tankin, ya ɗan bubbuga bayanta daidai inda aka rubuta V6.

Har yau bai tambaye ni kuɗin ba. Sau biyu ina miƙa masa yana cewa haba, me ye a tsakaninmu. Duk inda muka haɗu kuma, ko a jana'iza ne, sai ya ce, "Yaya manya?"

Tana nan ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, na lulluɓe ta da tampol, ran Juma'a nake fita da ita. Takardar gilashin na yi ƙoƙarin ɓarewa, rabi ya fita, saura "taki ce". Bikin su Anti kuwa a adaidaita muka je.