Barden da Ya Kashe Kyarkeci da Haƙori

Surukina tsohon hedimasta ne, irin dattawan nan da ko biki za a je, in suka hangi tsohuwar ganuwa sai sun tsayar da direba. Bikin kammala karatuna a Bangor ne ya kawo shi yankin Wales na Birtaniya, ya ga 'yarsa da jikarsa. Ana gama ɗaukar hotuna ya dube ni ya ce, "Malam, ƙasar nan ba su da kufai ne? Ba su da kaburburan magabata?"

Na ce akwai, Baba. Na ce akwai wani ƙauye, Beddgelert, a gindin dutsen Snowdon, bai kai awa ɗaya a mota ba, kuma sunan garin ma daga wani kabari aka samo shi, kabarin Gelert.

"Wane ne shi Gelert ɗin?"

To, Gelert kare ne. Na san kare ne, kowa a arewacin Wales ya san kare ne. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, wane ɗan Bahaushe ne zai buɗe baki ya ce wa surukinsa, Alhaji mai furfura, "Baba, ku shirya in kai ku ziyarar kabarin kare"? Sai na sunkuyar da kai na ce, "Wani barde ne na sarki, mai amana ƙwarai." Maman Ummi tana tsaye da jaririya a kafaɗa. Ta dube ni, ta dubi mahaifinta, ta shige ɗaki abinta.

Da safe Baba ya fito cikin farar shadda mai aiki, da hula zanna, da turare. Na so in ce ana yayyafi, ko a fasa, amma mutum ya riga ya zauna a gaban mota.

Ƙauyen kansa ba laifi. Mutanensa ba su kai ɗari biyar ba, gidajen duk na baƙin dutse, furanni a kowace taga, ga tsohuwar gada a tsakiyar gari, ga koguna biyu, Glaslyn da Colwyn, suna haɗuwa a nan. Tumaki kuwa ko'ina a kan tsaunuka, ba makiyayi, ba sanda. Baba ya daɗe yana kallonsu, ya ce a wajenmu da tuni an san inda dare ya yi musu. Na kai shi tsohuwar majami'ar St Mary, na yi ta ja masa bayanin yadda wurin ya kasance gidan masu ibada na ɗariƙar Augustine a ƙarni na 13. Na nuna masa tashar jirgin ƙasa mai hayaƙi da ke tafiya tsakanin Caernarfon da Porthmadog. Na saya masa askirim. Duk don lokaci ya tafi ko ruwa ya kece mu gudu. Ya lashe askirim ɗinsa tas, ya goge gemu, ya ce, "Ina barden?"

A hanya ya lura da abin da nake gudu. Kowane shago hoton kare: a kofi, a riga, a maƙalin makulli. Kowane mai yawo kuma da karensa a igiya. Ya ce, "Mutanen garin nan akwai son karnuka." Na ce, "Turawa ne, Baba."

Abu ɗaya ya ba ni ƙarfin hali. Da muka sauka na ga tabaransa na karatu a kan kujerar mota. Na gani, na rufe ƙofa, na danna makulli.

Kabarin yana cikin wani fili, ɗan tafiya kaɗan a bakin kogin Glaslyn. Duwatsu ne a ƙarƙashin bishiya, an kewaye su, ga alluna biyu na dutse, ɗaya da Turanci, ɗaya da harshen Welsh. Baba ya gyara riga, ya laluba aljihu, ya sake lalubawa.

"Na bar tabarau. Karanta mana, Malam."

Na gyara murya. Na ce a ƙarni na 13, Llywelyn, sarkin arewacin Wales, yana da fada a nan. Wata rana ya fita farauta ba tare da Gelert ba. Da ya dawo, sai Gelert ya tare shi jina-jina, yana murna, yana tsalle.

"Barde guda yana tsalle?"

"Murna ce, Baba. Al'adarsu ce a lokacin."

Na ci gaba. Sarki ya ruga ɗakin ɗansa, ya tarar da gadon jariri ba kowa, jini a shimfiɗa, jini a ƙasa. Ya zaci Gelert ne ya hallaka yaron, ya zare takobi ya soke shi. Ƙarar da Gelert ya yi ce ta sa jaririn ya tsala kuka. Aka duba, ga yaro lafiya lau, ga gawar wani ƙaton kyarkeci a gefensa, wanda Gelert ya kashe.

"Da me ya kashe shi? Mashi?"

Maman Ummi ta juya baya, kafaɗunta suna rawa.

"Da haƙori, Baba."

Ya yi shiru. Na ce shi ke nan, asirina ya tonu. Sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Namiji! Ka ji maza. Ba makami, ya tari naman daji da baki don ɗan ubangidansa." Da na ƙara da cewa an ce sarkin bai sake murmushi ba har ya mutu, sai da idon Baba ya kawo ruwa. Ya miƙo mini wayarsa ya ce in ɗauke shi bidiyo. Ya tsaya a gaban kabarin, shadda tana ɗaukar ido, ya yi wa zauren iyali na WhatsApp jawabi a kan amana da illar gaggawa, ya ce matasan gidanmu su yi koyi da wannan bawan Allah. Ya karɓi wayar ya tura da kansa.

Na leƙa. Saƙon bai tafi ba, ɗan agogon nan ne a gefensa, don sabis a kwarin sai a hankali. Ban taɓa yi wa kamfanin waya addu'ar lalacewa da zuciya ɗaya irin ta ranar ba.

Ana haka sai ga wata tsohuwa da sanda da ƙaramin karenta. Karen bai ga kowa ba sai Baba, ya ɗora masa ƙafafu biyu na taɓo a gaban riga. Tsohuwar ta yi ta ba da haƙuri, Baba ya amsa mata da Turancinsa na hedimasta, mai aji da ƙa'ida, har hira ta ɓarke. Ya ce mata labarin wannan jarumi ya taɓa masa zuciya. Ta ce ai kowa haka yake cewa, kare ne na kirki. Ta nuna wani kango can gaba, ta ce ya je ya ga gunkinsa na tagulla, yara sun shafa kansa har yana ƙyalli.

Baba bai dube ni ba. Ya tambaye ta a hankali, "Kare?"

Ta ce ƙwarai. Sannan ta rage murya ta ce in dai gaskiya yake so, ko karen ma babu a ciki. Wani David Pritchard ne ya zo garin wajen 1793, ya riƙe otal ɗin Goat, ya ga baƙi sun yi ƙaranci. Sai ya ɗauko tsohuwar tatsuniya ya liƙa wa garin, aka tara duwatsu aka ce ga kabari. Tatsuniyar ma ba tasu ba ce su kaɗai, a Indiya tunku ne da maciji. Sunan garin kuwa masana sun fi danganta shi da wani mai ibada na farkon Kiristanci a yankin, Celert.

Nan na ɗan sami bakin magana, na ce, "Kun ji, Baba, ashe dai akwai mutum a cikin zancen." Bai tanka ba. Labarin Pritchard ne ya tafi da shi. Tsohuwar ta ce mutanen gari suna ba da labarin cewa bayan ya mutu a 1821 ba wasiyya, fatalwarsa ta yi ta yawo a otal ɗin, har sai da wani manomi ya yi ta maza ya tambaye shi abin da yake nema, ya ce tsabar zinariya ɗari ya ɓoye a ƙarƙashin dutsen murhu. Baba ya girgiza kai. Ya ce, "Wannan shi ne ɗan kasuwa. Ya binne babu, sama da shekara ɗari biyu mutane suna zuwa ziyara. Har da ni, da shaddata."

Muna isa wajen mota wayarsa ta yi ƙara. Agogo ya koma alamar tafiya, nan take ta zama shuɗiya. Kafin ya ɗauki tabarau daga kan kujera, ƙanen matata, wanda ba ya barin komai ya wuce bai bincika a intanet ba, ya turo hoton gunkin. Ba rubutu, hoton kawai. Bayansa aka jera fuskokin dariya, har da na Hajiya.

Don in wanke kaina na bi da mu ta Dinas Emrys, wani tudu kusa da garin. Na ce a nan ne aka ce sarki Vortigern ya yi ta gina ganuwa tana rushewa cikin dare, har bokaye suka ce sai an zuba jinin yaron da ba shi da uba. Yaron da aka kawo, Emrys, ya ce su haƙa, akwai tafki a ƙasa da dodanni biyu suna faɗa, ja da fari. Jan ya yi nasara, shi ne a tutar Wales yau. Na ƙara da cewa masu tonon tarihi a shekarun 1950 sun sami tafki a kan tudun. Baba ya ce, "Uhm." Na ce a watan Satumba na 1949 wani dutse ya faɗo daga sararin samaniya, bai kai kilo ɗaya ba, ya huda rufin otal ɗin Prince Llewelyn a cikin ƙauyen, kuma wannan ba tatsuniya ba ce, a rubuce take. Ya ce, "Wani mai otal ne kuma ya gaya maka?"

A Caernarfon muka tsaya sallar la'asar da cin abinci. A dandalin da ke gaban ganuwar akwai gunkin David Lloyd George, wanda ya yi firaministan Birtaniya daga 1916 zuwa 1922. Na buɗe baki zan fara bayani, Baba ya ɗaga mini hannu. Ya sa tabarau, ya zagaya gunkin, ya ƙirga ƙafafunsa da sanda, sannan ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, zo ki karanta mini. Mijinki ya huta."