Ranar da na kai Kawu kallon duwatsu a Landan

Kawu ya zo Landan aka yi mai aikin ido ɗaya, ɗayan sai wata mai zuwa, zaman ɗaki ya ishe shi ya ce lallai in fita da shi ya sha iska. Muna cikin tafiya ruwa ya kece, sai ga wani gidan nuna hotuna, shiga kyauta, a ƙofa sun manna hoton bakin teku baƙi da fari. Na ce nan dai lafiya lau, muka faɗa.

Ashe hotunan wani mai ɗaukar hoto ne, Bill Brandt. Mutumin nan a Hamburg aka haife shi a 1904, bayan yaƙin duniya na biyu ya duƙufa ɗaukar mata ba sutura, da wata tsohuwar kyamarar Kodak irin wadda 'yan sanda ke ɗaukar wurin da aka yi aika-aika, duk abin da ya matso kusa da gilashinta sai ya kumbura ya cika hoto. Sai ya kai su gaɓar teku a Sussex ya zaunar da su kan tsakuwa, ya matso har gwiwa da kafaɗa su rikiɗe su koma duwatsu. A jikin bango nake karanta wannan, gumi na keto min, ina waigowa Kawu ya yi nisa da carbinsa.

"Ikon Allah! Kai zo ka ga dutse sumul, ko Kufena albarka."

Na ce Kawu ku zo mu wuce ruwa ya ɗauke. Ya ce wane ruwa, ga shi can kamar da bakin ƙwarya. Ya ƙara gaba ya tsaya kan wani hoton 1957 da aka ɗauki kunnen mutum kan tsakuwa, ya kanne ido ya ce wannan dutsen kuma har da kunne, wallahi kunnen ne na gaske.

A ɗaki na biyu asiri ya tonu, don can babu teku babu tsakuwa, cikin falo aka ɗauke su. Kawu ya saki salati har mai gadi ya taso.

A bas bai ce min uffan ba sai da muka kusa gida, ya miƙo min wayarsa ya ce yaya ake goge abu a WhatsApp? Na duba, ashe tun a ɗakin farko ya tura wa guruf ɗin dangi hoto uku, ya rubuta "duwatsun Ingila". Hajiya har ta amsa, wai a taho mata da ƙarami na goge ƙafa.