A ayyana cikin birnin Kano gaba ɗaya a matsayin yankin tarihi

Duk wanda ya bi titin BUK daga Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da Dukawuya ya ga halin da badala take ciki. A wani wurin ta zama ɗan tudu, a wani an yanka ta an kafa shago, a wani kuma masu ɗibar ƙasa da ruwan damina sun gama da ita. Ganuwar nan ce Sarki Gijimasu ya aza harsashinta tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. Tana cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma tun 2007 Najeriya ta sa ta a jerin wuraren da take fatan UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya, tare da Dala da Kurmi da Gidan Rumfa. Har yau muna jira, badalar kuma tana ƙarewa a idonmu.

A ganina matsalar ta faro daga abin da aka zaɓa a kare. An kare katanga, an bar garin da katangar ta kewaye. Mutumin Yakasai ko Gwale ko Madabo bai ga wata riba a badala ba, don haka in ya ga ana cin ta ba ya jin kamar gidansa ake ci. Shi ya sa nake kira ga Gwamnatin Kano da Masarauta su nemi Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ayyana cikin birni duka a matsayin yankin tarihi: unguwanninsa, kasuwarsa, karofinsa, zaurukansa da kududdufansa.

Kududdufan nan su ne abin da aka fi raina wa, alhali su ne suka fi shafar rayuwar talaka. Ramukan da kakanninmu suka haƙa ne suka ɗebi ƙasar gina badala da gidaje. Da damina ta sauka, ruwan lunguna ya gangara ya taru a cikinsu. Yanzu ana cike su da shara da burji, a yanka filaye, a yi gini a kai. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. In bai sami kududdufi ba, ɗakin mutane zai shiga, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Duk shekara muna jajanta wa waɗanda gini ya faɗo wa, mu ce ikon Allah ne, kuma haka ne, amma wanda ya sayar da kududdufin yana da nasa alhakin. Dokar da ta ɗauki gari a matsayin yanki guda za ta iya hana cike ramin, abin da dokar katanga kaɗai ba za ta taɓa yi ba.

Sai maganar sana'a. Ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, yana son mai sanin tubali da azara da makuba. Wannan aiki ne da ba ya ƙarewa, kuma magina da suka gaje shi suna tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti don a nan kuɗin yake. Da za a ware kuɗin gyara duk shekara a damƙa aikin ga Sarkin Magina da mutanensa, matasa za su dawo koyo. Haka marinar Ƙofar Mata, wadda ake lissafa farkonta tun 1498: karofi da yawa sun bushe, 'yan ƙalilan ne ke jiƙa baba. A watan Disambar 2024 UNESCO ta sa Hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya da ake adanawa, muka yi murna. To amma sirdin da linzamin da rawanin da ake ado da su a Hawan Daushe, dukawa da maƙera da marina da 'yan bugu na cikin garin nan ne ke yin su. In unguwanninsu suka watse, da kayan kanti za a riƙa hawa.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu. A 2013 UNESCO ta amince da tsohon garin Agadas, kuma abin da aka rubuta ya haɗa da unguwanni da fadar Sarkin Abzin da hasumiyar ƙasa mai tsawon mita 27, mutane na zaune a gidajensu.

Na san tsoron da ke zukatan 'yan cikin gari, kuma ban raina shi ba. Suna gudun ranar da wani ma'aikaci zai zo da takarda ya ce ba ka da ikon gyara ɗakin mahaifiyarka. Mutumin da soronsa ke yoyo ba za a hana shi kwano a ce ana adana tarihi ba, sai an ba shi abin gyara. Suna kaɗai kuma ba ya ciyar da kowa. Sukur ta Adamawa ta sami sunan wurin tarihi na duniya tun 1999, bai hana 'yan Boko Haram kai mata hari a 2014 ba, baƙi kuma ba sa zuwa inda babu tsaro.

Saboda haka tun ranar da za a fara rubuta takardar neman, a zaunar da masu unguwanni da limamai da shugabannin sana'o'i da matan da ke saƙa da ɗinkin hula a cikin gida. A rubuta ɓaro-ɓaro kason da zai koma unguwa daga kuɗin shiga Gidan Makama da hawan Dala, a sa shi a magudanan ruwa da fitilun lunguna. Kafin takardar ta isa Abuja kuma, akwai abin da gwamnatin jiha za ta iya yi da sa hannu ɗaya: ta dakatar da ba da fili a jikin badala da kan kowane kududdufin da ya rage.