Don ɗiya ba ta yi kama da uba ba, sai a zargi uwa?

Na je wani suna a Birni makon jiya, har yau abin yana ci mini rai. Jaririya ta zo fara sol, uwa da uba kuwa baƙaƙe ne. Tun kafin a yanka rago dangin miji suka fara ƙus-ƙus, maijego tana ɗaka tana jin komai.

Jama'ar Damagaram, mu ji tsoron Allah. Gadon kamanni ba rabon gona ba ne da za a ja igiya a ce nan na uba, nan na uwa.

A ƙwayoyin jikinmu akwai kuromosom 46, wato 'yan zaruruwan da ke ɗauke da gadon halitta, biyu-biyu suke tafiya, 23 daga uwa, 23 daga uba. Idan jiki zai samar da ƙwan mace ko ƙwayar maniyyi, sai ya ɗauki guda ɗaya daga kowane biyun, ko na wajen mahaifi ko na wajen mahaifiya, ba tare da bin layi ba. Wannan zaɓi kaɗai yana iya fitowa ta hanyoyi 8,388,608 a jikin mutum guda. Idan na miji da na mata suka haɗu, lissafin ya haura tiriliyan 70. Kuma kafin rabuwar, kuromosom ɗin kan rungumi juna su yi musayar gutsattsari, sai wanda zai isa ga ɗa ya zama gauraye na kaka namiji da kaka mace. Launin fata kuwa ƙwayoyin gado da yawa ne ke haɗuwa su fitar da shi, shi ya sa hasken da ya kwanta shekaru yake iya tashi a jika. Mu da jininmu ya cakuɗa da Barebari, Buzaye da Fulani, mene ne abin mamaki? Tsofaffi ma sun san jariri kan zo da haske ya rine daga baya, kunnensa suke dubawa.

Abin da ya fi ba ni takaici, addini ya riga ya yi magana. Wani mutum ya je wurin Annabi (SAW) yana shakkar ɗan da matarsa ta haifa baƙi. Aka tambaye shi ko cikin jajayen raƙumansa akwai mai ruwan toka, ya ce akwai, wataƙila wata jijiya ce ta asali ta jawo shi. Aka ce masa ɗan nasa ma wataƙila haka ne, ba a ba shi damar kore shi ba.

Jiya na koma gidan. Maijegon ta rame, goggonta ta ce tun ranar suna ba ta cin abincin kirki.