Muƙamuƙin kare ya sake yin ƙashi

Da na fara karanta labarin nan, wallahi na ɗauka wasa ne. Ashe likitocin dabbobi a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sukan yanke ɓangaren muƙamuƙin da ciwon daji ya ci, su ɗaure wurin da ƙarfen titaniyam, su cusa wani abu kamar soso da aka jiƙa da sinadarin da ke sa ƙashi ya tsiro. Cikin 'yan watanni sabon ƙashi ya cike gurbin, sai dai haƙoran ba sa dawowa. Masu cewa almubazzaranci ne, wannan sinadarin fa da shi ake yi wa mutane tiyatar ƙashin baya. Ni dai kuɗin aikin nake son ji.