Bututu Mai Magani Ba Shi Ne Farkon Abin da Kano Ke Buƙata Ba

A nan Ingila masu bincike sun daɗe suna fama da bututun robar da ake zura wa mara lafiya a maƙogwaro idan an ɗora shi kan na'urar numfashi. Cikin kwana ɗaya ƙwayoyin cuta kan manne a jikinsa su yi wani yauƙi da allurar magani ba ta ratsawa sosai. Daga nan su gangara huhu. Ciwon huhun da ya bayyana bayan awa 48 a kan na'ura, shi ake nufi, kuma masu laifin sanannu ne: Pseudomonas, Klebsiella, Acinetobacter da Staphylococcus.

Dabarar da ake gwadawa ita ce a cusa maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin robar kanta. Wasu kan jiƙa bututun a ruwan sinadarin da ke kumbura roba, maganin ya shige, a busar. Wasu kan gauraya garin maganin da narkakkiyar roba su fitar da bututu, amma zafi yana lalata wasu magungunan. Sai a yanka gutsure, a ɗora kan farantin da aka shuka ƙwayar cuta, a bar shi awa 24 a zafin digiri 37, a auna faɗin filin da ƙwayar ta kasa tsirowa. Wani gutsuren kuma a jefa a ruwan gishiri ana auna yawan maganin da ke fita kullum.

A nan ake samun cikas. Galibi maganin kan kwararo da yawa a farko, sannan ya koma ɗigo-ɗigo. Ɗigon nan bai isa kisa ba, sai dai ya koya wa ƙwayar taurin kai. Sinadarin jiƙon ma yakan janye abin da ke tausasa robar, bututun ya yi tauri. Ko bututu mai rufin azurfa da aka gwada a Arewacin Amurka, rahoton 2008 ya nuna ciwon ya sauka daga kashi 7.5 zuwa 4.8 cikin ɗari, amma mace-mace ba su ragu ba.

To, a kawo shi Kano, inda mutum zai shiga kyamis ya sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta irin siprofloksasin na kwana biyu ba takardar likita. Wani bincike kan alƙaluman 2019 ya sa yammacin Afirka a gaba wajen mutuwa saboda bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, mutum 27 cikin 100,000. Bututun da aka cika da maganin da ƙwayoyin garinmu suka riga suka raina, ado ne kawai, mai tsada.

Abin da na fi so in gani a kowane sashen masu tsananin ciwo shi ne abin da ake yi a nan Ingila ba hayaniya: a ɗaga kan gado digiri 30 zuwa 45, a riƙa auna iskar balan-balan ɗin da ke kewaye da bututun a cikin maƙogwaro ta tsaya tsakanin 20 da 30 a kan ma'auni, domin idan ta saki majina ke zarcewa huhu, idan ta matse kuma ta ji wa maƙogwaro. A zuƙe majinar da ta taru saman balan-balan ɗin, a goge baki, a wanke hannu, kullum a duba ko za a iya cire bututun.

Binciken kuwa a yi shi, ba na ja. Jami'ar Bayero da Asibitin Malam Aminu Kano suna da masanan. Amma a fara da tara bututun da aka cire wa marasa lafiya a Kano, a gano ƙwayoyin da ke ciki da maganin da har yanzu yake cin su, sannan a zaɓi wanda za a cusa a roba.